Kara da igiyar Kawu

Asabar, bayan isha'i.

Yanzu na shigo gida, ƙafafuna fari fat da ƙura, yatsuna kuma sun yi shuɗi don zaren da na taɓa bai gama sakin baba ba. Bari in rubuta kafin barci ya kwashe ni, in na bari abin ya kwana rabi zan tuna.

Saura mako biyar bikin ƙanwata. Tun da aka sa rana na ƙudurta ba bargon kanti zan kai mata ba, luru nake so a saƙa mata, irin wanda Inna take ajiye da shi a ƙasan adaka tun na aurenta. Sana'ata zane a kwamfuta, katin biki da kalanda da allon talla, don haka na ɗauka tsara adon luru aikin dare ɗaya ne. Dare uku na yi a kai. Na ja layuka gida-gida kamar littafin lissafin 'yan firamare, na zana ƙaramin allo mai mariƙi, na kwafa shi bakwai-bakwai a faɗin kowace ƙwarya, wato siririyar saƙar da ake jerawa a ɗinke ta zama luru, na dasa dagi babba a tsakiya. Na buga a takarda mai sheƙi, ina ji da kaina.

Da hantsi na isa ƙauyen su Kawu a ƙasar Minjibir. Tun daga bakin hanya ake jin ƙarar masaƙa, ƙwas-ƙwas, ƙwas-ƙwas. A da rumfar nan mutum tara take ɗauka, yau uku na tarar, kuma ba mai baƙin gemu a cikinsu. Zaren tsayen Kawu ya miƙe ya ratsa fili har gindin darbejiya inda kunkuru yake, wato abin da ke riƙe bakin zaren, an ɗora masa duwatsu. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ƙafafunsa ba su bar taka allira ba, wato abin da ke ɗaga zaren tsaye yana sauke shi. Sai da ƙwarƙwaron zaren da ke cikin ƙoshiyar jifa ya ƙare sannan ya miƙo hannu ya karɓi takardar.

Ya daɗe yana kallo. Ya juya ta, ya duba bayanta ma. Sannan ya sa farce a kan dagin ya ce, "Wannan kai wa mai allura. Ƙoshiya ba ta san kwana ba." Nan take dagina ya mutu, ban ma yi gardama ba, don gaskiya ne: zare a masaƙa tsaye yake ko kwance, duk abin da ya lanƙwasa sai dai ya fito hawa-hawa kamar matakalar soro.

Sai ya ce, "Ɗan nan, zarenka nawa ne a tsaye?"

Na ce, "Kawu, ai ku za ku faɗa mini."

Ya ce ɗari da ashirin ne a matsefin da yake saƙa luru da shi, in raba masa su gida bakwai. Na ciro waya, su Baba, sauran masaƙan da ke gefe, suka sa dariya. Goma sha bakwai-bakwai, saura zare ɗaya. Na ce ai zare ɗaya ba komai ba ne. Ya ce a ƙwarya ɗaya ba komai ba ne, amma ƙwarya takwas za a haɗa, kuma zaren nan maraya dole ya zauna a dama ko a hagu, duk inda ya zauna ido sai ya gan shi sau takwas. Shida za a yi, kowane gida zare ashirin: goma sha huɗu na allo, shida na fili.

Abin da ya biyo baya shi ya fi ba ni kunya, don abu ne da ya kamata mai zane ya sani. A takardata na bar fili cikakke a bakin dama na ƙwarya, na bar cikakke a bakin hagu. Kawu ya ɗauko guntaye biyu na tsohuwar saƙa ya kara su baki da baki a kan gwiwarsa. Fili shida na wannan ya haɗu da fili shida na wancan, sai ga hanya mai faɗin goma sha biyu ta ratsa tsakiya, duk wanda ya kalla wurin ɗinkin zai fara gani. Ya ce baki rabi ake ba shi, uku a dama, uku a hagu, in allura ta haɗa su sai su koma shida, ɗinki ya ɓace. Na lissafa a zuci: allo shida sau goma sha huɗu, tamanin da huɗu, fili biyar na ciki, talatin, bakuna biyu, shida. Ɗari da ashirin cif. Mutumin nan bai taɓa riƙe biro don lissafi ba.

Ya tashi zai yi alwalar azahar ya ce in zauna in gwada allo ɗaya da zaren shuɗi, tun da ina yaro ya koya mini taka allira. Ƙafa ta tuna, hannu ne ya manta. Adon luru ba allira ke fitar da shi ba, da yatsa ake tsintar zaren tsaye a ƙirga a ɗaga, a zura zaren adon mai kauri, sannan a jefa na ƙasa a buga matsefi. Na bi takardata gida-gida, goma sha huɗu a faɗi, goma sha takwas a tsayi. Da Kawu ya dawo ya leƙa ya ce, "Allo ne wannan ko hasumiya?" Gidajen kwamfuta murabba'i ne, tsayi da faɗi ɗaya. A saƙa kuwa abawa, zaren da ake jefawa a kwance, ta fi zaren tsaye kauri, jifa ɗaya ya fi zare ɗaya cin wuri, sai allona ya miƙe zololo. Shi jifa goma sha biyu ya yi, allo ya fito allo. Ni na warware nawa da hannuna, nan yatsuna suka samo shuɗin.

Bayan mun ci ɗanwake muka shiga maganar da ta kai mu la'asar.

Mai kallon luru a shimfiɗe yana ganin abu ɗaya ne mai faɗi. Masaƙi bai taɓa ganin haka a kan masaƙa ba. Ƙwarya ɗaya doguwa yake saƙawa, kamu arba'in da ɗoriya, daga baya a yanka ta gida takwas, kamu biyar-biyar, a jera a ɗinke. Abin da ya saƙa kuwa naɗe shi yake a sandan da ke gaban cikinsa, taƙi ɗaya ko biyu kawai yake gani a buɗe. Allon da ya saƙa ranar Litinin zai zauna kafaɗa da kafaɗa da wanda zai saƙa ranar Alhamis, kuma ba za su ga juna ba sai a hannun maɗinki. Ni a kwamfuta kwafa nake in liƙa, na ɗari daidai yake da na farko. Shi kuwa bugun matsefinsa na safe da ƙarfi yake, na yamma hannu ya gaji, saƙar ta ɗan saki. Zaren kaɗin hannu wani wuri kauri, wani wuri siriri. Ga hunturu yana busar da zare. Kuma saƙa tana kan masaƙa a miƙe take, in an sauke ta sai ta ɗan koma.

Na ce to da me ake kamawa? Ya zaro wani guntun kara daga jikin rumfa, ya yi baƙi don shan hannu, an tsattsaga masa alama da wuƙa. Daga wannan tsaga zuwa wannan, jerin allo; daga nan zuwa nan, fili; daga nan zuwa nan, ratsi. Zagaye ɗaya na adon ke nan gaba ɗaya a jikin kara. Na tuna katunan nan masu huji da Jacquard ya sa wa masaƙa a birnin Liyon na Faransa a 1804, waɗanda ake cewa kakannin kwamfuta ne, na so in ba shi labari, sai na ga ba lokacinsa ba ne.

Amma kara kaɗai ba ya isa, in ji shi. In a kowane zagaye ka wuce da kaurin jifa biyu, ba za ka gani ba, kara ma ba zai nuna ba. Zagaye goma, ka wuce da yatsa biyu. Ƙwaryar kusa da ita kuma wataƙila gazawa ta yi da yatsa ɗaya. Ranar haɗi sai ka ga kan wannan allo a cikin wancan. Don haka yake da igiya siririya mai tsawon ƙwarya guda, da ƙulli a mafarin kowane zagaye. Yana soke bakinta a farkon ƙwarya tana naɗuwa tare da saƙar. In ƙulli ya iso bai gama fili ba, ko ya gama ƙulli bai iso ba, a cikin filin yake rage jifa ko ya ƙara. Bai taɓa allon. Ya ce fili shi ke biyan bashi.

Daga nan ya aika jikansa ya ɗauko guntayen da suka rage daga wani aiki, muka shimfiɗa tabarma. Ya jera su allo daidai da allo, layi ya tafi ɗoɗar daga baki zuwa baki. Kyau kam akwai, irin na sojoji a fareti, amma wuri ɗaya da ya zame da rabin yatsa shi idona ya tafi kai tsaye. Sai ya ja ƙwarya ta biyu da ta huɗu ƙasa da rabin zagaye, allon wannan ya fuskanci filin waccan, kamar yadda magini yake saɓa bulo. Zamiyar nan tana nan, amma na neme ta na rasa. Kuma abin ya motsa, ido yana hawa yana sauka. Haka na gani a hotunan kente, saƙar Asante ta garin Bonwire a Gana, gida mai ado kusa da gida mara ado, ban taɓa tunanin akwai dabarar ɓoye gajiyar hannu a ciki ba, na ɗauka ƙawa ce zalla.

Na kawo wayo na ce, to a saƙa su duka iri ɗaya mana, wajen ɗinki a juya ta biyu da ta huɗu kai ƙasa, saɓawar ta zo da kanta. Ya ce ana yi, in adon ba shi da kai da gindi. "Amma allo kai ƙasa, a gadon amarya? Uwarka ta ji." Su Baba suka sake kwashewa da dariya.

Ɗayan tsohon ya ce shi ya sa masu turkuɗin Kura hankalinsu kwance: ƙwarya faɗin yatsa, ba ado ba ƙirga, sai marina da mabuga su yi sauran aikin, Buzaye su saya. Saƙi ma, in ji shi, da zarar an yi wadari, wato jera zaren tsaye, daidai an gama rabin aiki, ƙananan gidajen nan kamar jikin zabuwa ba sa nuna zamiya. Na gaya musu Barth, Baturen Jamus da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta kayan raƙumi 300 na tufafin Kano ake kaiwa Tambutu duk shekara. Kawu ya ce, "Yanzu kayan jaki ɗaya ma wa zai saya?" Ba wanda ya amsa. Ya koma ya zauna a masaƙarsa.

Ni dai na shigo da niyyar layi miƙaƙƙe, don shi idona ya saba da shi a fuskar kwamfuta. Abin da muka tsayar: ratsi uku a kowane kai na lurun su tafi daidai daga baki zuwa baki, don kusa da mafari suke, zamiya ba ta taru ba tukuna, allunan tsakiya kuma a saɓa su. Wato ƙwarya huɗu su fara da allo, huɗu su fara da fili, igiya biyu ke nan zai ƙulla. Ya ce mako uku in Allah ya kai mu, in na kawo zare da wuri. Kuɗin aikin da ya faɗa bai kai na takalmin da na saya da ƙaramar sallah ba. Na ƙara masa, ya ce ba a ciniki da ɗan ƙanwa, na tura a ƙarƙashin tabarma na yi sallama.

Ban wuce gida ba, na biya wajen Inna na ce ta ciro mini lurunta. Ta yi ta mita wai cikin dare zan tayar mata da ƙurar adaka, amma ta ciro. Na shimfiɗa a tsakar ɗaki na haska fitilar waya a kan ɗinkin. Uku a dama, uku a hagu. Shekara nawa ina lulluɓa da shi ban taɓa sanin ƙwarya-ƙwarya ba ne sai in na shafa na ji tudun allura. A ƙwarya ta shida na ga ado ya zame da kusan yatsa guda, filin da ke bayansa kuma an matse shi, daga nan komai ya dawo daidai. Na nuna mata. Ta sa tabarau ta duba ta ce Kawu ne ya saƙa shi yana saurayi, kuma a makon nan ne zazzaɓi ya kwantar da shi, kakanmu ya hana kowa taɓa masaƙar har ya tashi.

Jibi Litinin zan shiga Kurmi neman zare, fari da wanda za a kai Ƙofar Mata a rina. Gobe kuma in sake takardar: gida shida, baki rabi-rabi, gidajen in ja su su fi tsayi. Sabulu biyu na gwada, shuɗin bai fita daga farcena ba.