Turancin ma sai da shaida

Alhamdu lillahi, jama'a, bizar aiki ta Birtaniya ta fito. Abin da ya fi ba ni ciwon kai a harkar shi ne tabbatar wa hukumomin Birtaniya da cewa na iya Turanci. Tun daga firamare har jami'a da Turanci aka koyar da mu, amma Najeriya ba ta cikin ƙasashen da aka ɗauke wa wannan sharaɗi. Jamaika da Barbados suna ciki, mu kuwa sai mun kawo takarda.

Hanya biyu ke gabana: ko in tura digirina Ecctis, masu duba takardun karatun ƙasashen waje, su tantance cewa da Turanci aka yi shi, ko in zauna jarrabawa. Na zaɓi jarrabawar Turanci ta IELTS, kuma ku lura, sai irin ta UKVI, wato hukumar biza ta Birtaniya, a cibiyar da suka amince da ita. Karatu, rubutu da magana duk sun zo da sauƙi. Sauraro ne ya sa ni gumi! Sau ɗaya tak ake kunna muryar, ga Baturen Ostareliya yana cinye rabin kalma, kai kana neman lambar waya a cikin zancensa.

Masu shiri, sakamakon jarrabawar shekara 2 yake yi yana aiki, kada ku yi gaggawar zama tun ba ku samu kamfanin da zai ɗauki nauyinku ba. Kuma tun Janairun 2026 matakin iya Turanci na B2 suke nema, ba B1 da ke ƙasa da shi ba.