Shekarar da Aka Karɓe Min Kilina

Na shiga jami'a ina jin na riga na gama iya zane. Tun ina sakandare ake kawo min hoto in kwafe fuskar mutum da fensir, jama'a su yi ta cewa sai ka ce zai yi magana. Don haka da na ga darussan shekarar farko, zane daga kallo, launi, tsara siffofi a takarda, gini da kwali da waya, tarihin fasaha, sai na ce a raina a yi a gama, a kai mu inda ake aikin gaske.

Ranar farko malamarmu ta ɗora kujera a kan tebur, ta raba mana gawayi da manyan takardu, sannan ta bi mu ɗaya bayan ɗaya ta karɓe kilinar kowa. Ta ce kada wanda ya zana kujerar, mu zana ramukan da ke tsakanin ƙafafunta da sandunan bayanta. Hannuna ya ƙi. Ashe duk shekarun nan kujerar da ke cikin kaina nake zanawa, mai ƙafa huɗu daidai wa daida. Wadda ke gabana kuwa, daga inda nake tsaye ƙafa uku kawai ake gani, ta huɗun ta ɓuya bayan 'yar'uwarta. Na ƙaƙaba mata ta huɗun duk da haka. Da Malama ta iso wurina ta tsaya jim, ta ce, "Wannan ƙafar a ina ka ganta?" Na ce, "Malama, ai kujera ƙafa huɗu gare ta." Ta ce, "Na sani. A ina ka ganta?"

Daga nan aka koya mana miƙe hannu da fensir, a kanne ido ɗaya, a auna tsayin abu da babban yatsa kafin a taɓa takarda. Sai zanen mutum a tsaye cikin sakan 30, wanda ba ya barin ka zauna kana ƙawata gashin ido. Ni da nake kwana uku a kan fuska guda, wannan ya fi komai ƙona min rai.

Darasin launi ne ya ƙarasa ni. Aikin farko shi ne a haɗa farin fenti da baƙi a fitar da matakai 9, daga fari tas zuwa baƙi ƙirin, tazarar kowane mataki daidai da na kusa da shi. Sau huɗu ina sakewa, domin fentin da muke amfani da shi idan ya bushe ba ya tsayawa yadda ka shafa shi. Sai aiki na biyu: ka yanko 'yan murabba'i biyu daga takarda ɗaya mai launi ɗaya, ka ɗora kowanne a kan wani launi dabam, har sai mai kallo ya rantse launi biyu ne. Na ɗora toka-toka a kan shuɗi ya koma kamar mai ɗan ruwan goro, na ɗora shi a kan ruwan goro ya yi shuɗi-shuɗi. Ni na yanka su da almakashina, amma sai da na ɗago su na haɗa gefe da gefe kafin na yarda.

A darasin tarihi ne na gano ba malamanmu suka ƙirƙiro wannan wahalar ba. Makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya kafa a Weimar ta ƙasar Jamus a 1919 tana da kwas na share fage wanda kowane ɗalibi sai ya bi ta cikinsa kafin ya zaɓi saƙa ko aikin ƙarfe ko katako. Johannes Itten ne ya fara koyar da shi, kuma Josef Albers, wanda ya shigo a matsayin ɗalibi a 1920, ya fara koyarwa a kwas ɗin a 1923. Da aka rufe makarantar a 1933 Albers ya koma Amurka, kuma wannan wasan na mai da launi ɗaya biyu daga azuzuwansa ya bazu. Mu ma an ba mu irin aikinsa na takarda: babu gam, sai naɗi da yanka, ka sa falle guda ya tsaya da kansa. Nawa ya faɗi sau biyu a gaban aji.

Ba duka nake yabo ba. Akwai ɗabi'ar kwana a ɗakin zane da ɗalibai ke taƙama da ita, kamar jan ido shi ne shaidar ƙwazo. Duk aikin da na yi bayan ƙarfe biyun dare sai da na sake shi. Ranar da ake manna ayyuka a bango kowa ya tofa albarkacin bakinsa ma, wasu zuwa suke yi don a ji muryarsu kawai. Amma a can na koyi yin shiru. Da farko ana taɓa aikina nake fara bayanin abin da nake nufi, har wani ɗan ajinmu ya ce min idan aka rataye shi a wani wuri, zan bi shi in tsaya kusa da shi ina bayani ne?

Babban kuskurena littafin gwaji ne. Duk shafin da bai yi kyau ba sai in yage shi. Ƙarshen zango na biyu aka ce kowa ya kawo nasa, domin a kansa ake ganin yadda tunani ya taso har ya zama aiki. Nawa ya rame, sai zane goma sha wani abu masu tsafta, babu alamar hanyar da na biyo. Makin da na samu a nan ya fi kowanne ƙasa.

Kujerar ranar farko ce kaɗai ta tsira, saboda a babbar takarda take, ba a cikin littafin ba. Tana nan naɗe a bayan durowata, da ƙafarta ta huɗu.