Da muka zauna da yaranmu ɗaya bayan ɗaya muka ce su karanta

An saka ni cikin kwamitin kula da firamaren unguwarmu ne bayan an sake buɗe makarantu daga kullen korona na 2020. Makarantar gwamnati ce a ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, ni kuma wakiliyar iyaye mata ce. Wannan kwamiti, wanda malamai ke kira SBMC, daban yake da PTA. Ita PTA ta iyaye da malamai ce kawai. Shi kuwa a cikinsa akwai mai unguwa, da liman, da wakilin masu sana'a, da tsohon ɗalibi, da malamai, har da yara mace da namiji, hedimasta kuma shi ke rubuta abin da aka tattauna.

Zamanmu na farko-farko duk a kan gini ya ƙare: rufin da iska ta yaye, katangar da babu, bencin da bai isa ba. Mun rubuta wa SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, takarda, kuma haƙƙinmu ne mu rubuta. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi kuɗin gini. Ke nan maganar rufi ba a hannunmu take ba, sai dai mu bi sawu mu jira.

Malamar aji huɗu ce ta juya akalar zaman. Ta dube ni ta ce, "Hajiya, ko bene aka gina mana gobe, yaran nan da yawansu ba su iya karatu ba." Ɗakin ya yi tsit, domin kowa a cikinmu yana da ɗa ko jika a makarantar, kuma kowa yana ganin katin sakamako a ƙarshen zango. Ta ce kada mu yarda da bakinta, mu gwada da kanmu. Ta zo da takarda guda: a sama haruffa, ƙarƙashinsu kalmomi, sai 'yan jimloli, sai gajeren labari da Hausa. A kira yaro shi kaɗai, ba bulala, ba tsawa, a ga inda zai tsaya. Wata ƙungiya mai suna Pratham ce ta faro wannan dabara a Indiya, an kuma yi aiki da ita a wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno.

Abin da na gani a ranakun gwajin nan har yau yana taɓa min zuciya. Yarinya 'yar aji biyar, littafinta tsaf, rubutu kamar na injin bugawa, amma ta kasa haɗa "ka" da "za" ta ce kaza. Kwafa take yi daga allo, tana bin bakin 'yan aji idan ana amshi. Irinta suna da yawa, har da waɗanda katinsu ke nuna sun zo na biyar ko na shida a aji. Wani yaro da na san mahaifiyarsa ya sunkuyar da kai ya ce min, "Umma, kada ki faɗa a gida." Ban faɗa ba, amma na kwana da maganar.

Da muka kai rahoto gaban kwamiti, wasu suka fara ɗora laifi kan yara, wai wasa ya yi musu yawa. Liman ne ya tare zancen. Ya ce yaran nan dai su ne ke zuwa masa da yamma, kuma suna karanta Alƙur'ani da kyau, saboda haka ƙwaƙwalwarsu lafiya lau. Na ce, "Allah gafarta Malam, to mene ne bambancin?" Ya ce shi ba ya biya wa yaro sai daga inda allonsa ya tsaya, kuma ba a wanke allo sai an iya. A boko kuwa shekara ce ke tura yaro gaba, ya iya ko bai iya ba. Wannan bayani ya fi duk wata takarda shiga kunnen iyaye, domin abu ne da kowa ya tashi a cikinsa.

Daga nan muka tsayar da buri guda, hedimasta ya rubuta a kwali ya manna a ƙofar ofis: kada yaro ya bar aji uku bai iya karanta gajeren labari da Hausa ba. Aka ware awa ɗaya kullum, yara daga aji uku zuwa shida su rabu bisa inda suka tsaya a gwaji, masu haruffa wuri guda, masu kalmomi wuri guda, masu labari wuri guda. Bayan 'yan makonni a sake gwadawa, wanda ya wuce ya matsa gaba.

Wasu iyaye maza sun yi ƙorafi. Wani mai sayar da kayan gwari a Farin Gada ya ce shi Turanci ya kawo ɗansa ya koya, Hausa ai akwai ta a gida. Na fahimce shi sarai, domin jarrabawar shiga sakandare da Turanci ake yin ta. Amma Hausa yadda ake faɗinta kusan haka ake rubuta ta, wasulanta biyar ne, yaro kuma ya riga ya san ma'anar abin da yake haɗawa. Da zarar ya gane cewa harafi sauti ne, ya samu makama, Turancin ma sai ya zo masa da sauƙi. Darasin Turanci kuma yana nan a jadawali, ba wanda ya taɓa shi.

Nawa aikin shi ne zuwan yara, kuma nan ne na ga amfanin saka mace a kwamiti. Gidan da aka rubuta "ba shiga" hedimasta ba zai wuce zaure ba, ni kuwa har ɗaki. Mafi yawan 'yan matan da ke makara talla ce ke riƙe su, ƙosai ko masa ko awara da sassafe. Ban shiga gidan kowa da wa'azi ba. Wata ta ce min, "Yaya, in ba ta fita da awarar nan ba, me za mu ɗora da rana?" Gaskiya ta faɗa, kuma duk wanda zai ce mata ta daina sai ya fara kawo mata abin da za ta dafa. Abin da muka yi shi ne muka roƙi malamai a ɗaga awar karatun daga farkon safiya zuwa bayan ƙarfe tara, iyaye mata kuma suka yi alkawarin kowace yarinya za ta ajiye faranti kafin lokacin. Wasu suka mayar da tallar yamma gaba ɗaya.

Sai kuma sanyi. Wanda bai taɓa kwana a Jos a watan Disamba ko Janairu ba ba zai gane yadda yaro ke zama a aji marar tagogi hannunsa ya ƙage ya kasa riƙe fensir ba. Wakilin masu sana'a ya zagaya wurin abokansa a kasuwar Katako, suka ba da guntayen katako, kafintoci biyu suka rufe tagogin a ranar Asabar ba su karɓi ko sisi ba. Mu mata muka yi ɗan adashi muka sayo rigunan sanyi na gwanjo ga marayu.

Akwai abin da ba a cika faɗa a fili ba. Tun rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 unguwannin Jos suka rabu, kuma da dama daga malamanmu Kiristoci ne da ke zuwa daga can ɓangaren gari. Da an ji ƙishin-ƙishin, sai su kasa zuwa, kuma ba mai ganin laifinsu. Na ce wa mai unguwa, "Ranka ya daɗe, mutanen nan amana ce a hannunmu." Ya tara matasa a ƙofar gidansa ya ce duk malamin makarantar nan baƙonsa ne. Yanzu idan gari ya ɗan yi zafi, shi da kansa yake kiran hedimasta ya faɗi halin da ake ciki, samari kuma su raka malamai har inda za su hau keke. Malamar aji huɗun da ta fara buɗe mana ido tana cikinsu.

Gwajin ƙarshen shekara ya nuna rukunin masu haruffa ya ragu sosai, na masu labari ya cika har aka raba shi biyu. Yarinyar nan mai kyakkyawan rubutu ta karanta labari a gaban taron iyaye, mahaifiyarta tana share hawaye da gefen mayafi. Amma lissafi har yanzu yana baya, musamman ragewa da rabawa, kuma manyan 'yan mata na fashi duk wata saboda babu banɗaki mai ƙofa. Rufin ma yana nan yadda yake. A zama mai zuwa banɗakin zan fara gabatarwa, na kuma riga na yi magana da wani magini a layinmu ya kawo mana lissafin bulo da siminti.