Gini ɗaya, iska biyu

Ranar da mai zanen gini ya miƙo min taswirar, na ɗauka abin mai sauƙi ne. Wurin sayar da motoci: gaba ɗakin baje koli na gilashi, baya gareji mai gurbin mota 12, gefe wurin wanki. Rabona shi ne iska da wuta da ruwa. Sai da na nutsa na gane gini biyu ne ƙarƙashin rufi ɗaya, ɗaya na ƙamshi da sheƙi, ɗaya na hayaƙi da baƙin mai, kuma aikina duka shi ne hana na baya shiga na gaba.

Ɗakin gilashin bai ba ni wuya sosai ba. Bangon da ke fuskantar yamma ne ke kwasar zafin la'asar, don haka muka roƙi a canza gilashin zuwa mai tare zafin rana, aka rage girman na'urar sanyaya ɗaki. Fitilu kuwa na dage sai masu fito da launi na gaskiya, domin jar mota ƙarƙashin fitila mai arha takan koma kamar ruwan ƙasa.

A gareji na sha kunya. Ma'aunin iskar cikin gini na Amurka, wato ASHRAE 62.1, ya ce a zuƙe iska lita 7.5 a kowace daƙiƙa daga kowace murabba'in mita ta wurin gyaran mota. Na lissafa, na sa fankoki, kowane gurbi na ba shi tiyon da ake maƙalawa a bakin salansa, na warwatsa na'urorin gano iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. A takarda ba abin da ya rage. Sati biyu da buɗewa sai ga waya: ɗakin baje koli na warin fetur.

Na je na tsaya bakin ƙofar da ke tsakani, na saki tsiririn takarda. Ta karkata zuwa wajen sababbin motoci, ke nan iskar gareji ce ke shiga ɗakin gaba. Shugaban makanikai, wani dattijo, ya dube ni ya ce, "Injiniya, babbar fankar nan taka ƙara gare ta. Ba ma jin kukan inji, shi ya sa muke kashe ta." Makanike da kunne yake gano cuta, ni kuwa na rataya masa fanka daidai saman kai. Laifina ne, ba nasu ba. Muka mayar da ita kan rufi, muka sa mata abin rage gudu, ta riƙa juyawa a hankali kullum, sai hayaƙi ya ƙaru ta ƙara gudu. Muka kuma ƙara iskar da ake turawa gaba, yadda ko an buɗe ƙofa daga can za ta kwararo. Tun daga nan ba na zana gareji sai na yini a cikin wani.

Ruwan ma da nasa darasi. Duk abin da ya zuba a daɓen gareji yana bi ta tankin raba mai da ruwa, inda mai ke tasowa sama saboda ya fi ruwa rashin nauyi. Amma sabulun wankin mota yana narkar da man cikin ruwa ya wuce da shi salin-alin. Sa'a muka yi ba a zuba siminti ba tukuna, muka raba wa wurin wanki nasa layin.

Wajen wuta, tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, shi ya sa duk soket na ɗaga shi sama da milimita 450, kamar yadda sashe na 511 na ƙa'idar wutar lantarki ta Amurka, wato NEC, ya ja layi. Rigimarmu da mai wurin a kan cajin motocin lantarki ce. Caja mai sauri guda ɗaya kan ja kilowat 50 ko fiye, mai wurin kuwa ya ce shi ba ya sayar da motocin lantarki. Na ce, "Ranka ya daɗe, bari in binne bututun wayar caja kawai, babu waya a ciki." Ya yarda da ƙyar. Bututu 4 ne, mun toshe bakinsu, suna nan ƙarƙashin kwaltar wurin ajiye motoci daga ɗakin wuta har bakin shinge.