Godiya ga waɗanda suka fito, da waɗanda ke maido mana tsofaffinmu gida

Assalamu alaikum jama'ar Maradi da kewaye.

Alhamdu lillahi, taron shekara na ƙungiyarmu ta masu jinyar tsofaffi masu ciwon mantuwa ya tashi lafiya ranar Asabar da ta wuce. Mukan sa shi kusa da 21 ga Satumba, ranar da duniya ta ware don wannan ciwo, duk da mun san lokacin yankan gero ne. Shi ya sa da mutanen karkara zan fara: waɗanda suka bar gona suka taho daga Tibiri, Jiratawa, Madarunfa da Gidan Runji. Na ga wani saurayi ya shigo a kan babur, ya ɗaure mahaifinsa a bayansa da rawani kada ya zame. Allah ya saka muku da alheri, ya cika rumbunanku.

Likitan da ya ba mu yininsa kyauta, mun gode. Da Hausa tsantsa ya yi bayani, bai tsoma Faransanci ba, har kakanninmu na bayan rumfa suka gane. Ya ce abin da muke kira ruɗewa ba rabon kowane tsoho ba ne, ciwo ne da ke cin ƙwaƙwalwa a hankali. Nau'in da ya fi yawa ana kiransa da sunan wani likitan Jamus, Alzheimer, wanda ya bayyana shi a 1906. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu fama da ciwon mantuwa sun haura miliyan 55, kuma mafi yawansu ba a ƙasashen masu arziki suke ba. Bai ɓoye mana ba: har yau babu maganin da ke warkar da shi. Amma hawan jini da ciwon suga da aka ƙyale babu kulawa suna buɗe masa ƙofa, don haka ya roƙe mu, mu masu jinyar, mu riƙa zuwa awo tun da sauran ƙarfinmu.

Ana nan sai wata baiwar Allah ta ɗaga hannu ta ce, "Likita, to ba maita ba ce?" Wuri ya yi tsit. Surukarta ce ke fita da dare, aka tsince ta a zauren maƙwabta, tun daga ranar yara ke bin ta da jifa suna kiranta mayya. Ƴar'uwa, wallahi na gode miki. Tambayar nan tana cikin ran mutane da dama a wurin, kunya ta hana su furtawa, ke kika sauke mana ita. Likita ya amsa, sannan limamin unguwarmu ya karanto aya ta 70 cikin Suratun Nahli, inda Allah ya ambaci wanda ake mayarwa ga mafi raunin shekaru har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Malam ya ce zai ɗauki maganar a huɗuba. Allah ya ƙara masa daraja.

Ni ma ba daga nesa nake wannan magana ba. Mahaifina ya tsufa yana sayar da gyaɗa a babbar kasuwa, Litinin da Juma'a ba ya fashi, lissafin tiya da buhu duk da ka yake yi. Yanzu shekara 4 ke nan bai san sunana ba. "Yaya" yake ce mini, yana zaton yayarsa ce da ta rasu tun ina yarinya. Da farko nakan ce, "Baba, ni ce ƴarka fa," sai ransa ya ɓaci, ya ƙi abinci, ni kuma in shiga ɗaki in yi ta kuka. A wannan ƙungiya wata dattijuwa ta riƙe hannuna ta ce, "Ƴata, amsa masa. Me zai rage ki?" Tun daga nan in ya ce Yaya sai in ce na'am, gida ya zauna lafiya. Inna, kina dai ji, Allah ya ba ki Aljanna. Ranar taro da aka zo rufewa da Fatiha, Baba ya ɗaga hannuwa ya karanta ta daga farko har ƙarshe, ko harafi bai tsallake ba.

Matan da suka kwana a bakin murhu, samarin da suka kafa rumfa suka jera kujeru da tabarmi, wanda ya ba mu aron farfajiyar gidansa, da duk wanda ya jefa wani abu a asusu, daga mai jika goma har mai dala ashirin, mun gode ƙwarai. An karanta lissafin kuɗin shekara a gaban kowa, littafin yana hannun ma'aji ga mai son dubawa. Telolin da suka ɗauki alkawarin ɗinka ƙyalle mai sunan unguwa da lambar waya a cikin rigar kowane tsoho, ba tare da karɓar ko dala ba, ku kawo mana ranar da za a fara kai muku riguna.

Wannan shawara ta ƙyalle tana da asali. Damanar bara Baba ya sulale bayan sallar asuba, wai zai je ya buɗe rumfarsa. Muka neme shi a kasuwa, a tasha, a asibiti, har bakin gulbi, zuciyata kamar ta faɗo. Dab da magariba wani ɗan kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida da shi. A hanyar Ɗan Isa ya gan shi ba takalmi, ƙafafunsa sun kumbura. Ya saya masa ruwa da fura, ya bar aikinsa ya yi ta bin masallatai unguwa-unguwa yana tambaya, har aka samu wanda ya shaida fuskarsa. Na miƙa masa kuɗi ya kau da kai ya ce, "Haba Hajiya, ni ma ina da tsoho a gida." Kafin hankalina ya dawo in tambayi sunansa, ya tafi.

Na duba fuskokin ƴan kabu-kabun da suka zo taron ɗaya bayan ɗaya, ba ka cikinsu. In wannan saƙo ya iske ka, ko wani ya karanta maka, ka san gidan. Baba yana nan da rai, kuma ban fasa sa ka a addu'a ba. Don Allah ka biyo, ka zo mana da labarin tsohonka.