Saƙar marka, kayan hunturu

Mai saƙa ba ta jiran sanyi ya shigo. Hular da jariri zai sa a watan Disamba, a markar Agusta ake ɗaura zarenta. Shi ya sa kwanakin nan, in ruwa ya tsare mutane a ɗaka, ni kwarashina ne a hannu tun daga hantsi har kiran la'asar.

Bana kuɓewar bayan ɗakina ce ta ba ni launi. Duk wanda ya taɓa tsayawa ya kalli furenta da safe ya san abin da nake faɗa: ruwan ƙwai ne mai haske, kamar an sirka shi da madara, can cikin tsakiya kuma ruwan hanta. Kafin yamma ya yanƙwane. Na ce wannan kyau bai kamata ya ƙare a wuni ɗaya ba, sai na fitar da setin jarirai a kansa, riga da hula da safa da shawul, jikin ruwan ƙwai, bakin kuma na bi shi da siririn layin ruwan hanta. Shawul ɗin kaɗai kwana tara ya ci. Ki juya bayansa, Hajiya, ba za ki ga ƙulli ko ɗaya ba, don kowane bakin zare da allura nake mayar da shi ciki.

Wurin Goggo na koyi wannan a Zariya, ina 'yar firamare. Da tsinken tsintsiya biyu ta fara ni, da zaren tsohuwar rigar sanyi da ta warware. In na kai mata saƙa, sai ta ɗaga ta saitin ƙofa ta duba. Ido ɗaya ya fi ɗan'uwansa faɗi, shi ke nan, ta ja zaren, aikin wuni biyu ya koma dunƙule. Na sha kuka. Allah ya jiƙan Goggo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu kawo zare. Wani da na daɗe ina saye a hannunsa, na aika ya ƙaro mini ruwan ƙwai irin na farko, ya rantse iri ɗaya ne. A ɗaki haka ne. Da na fita da shi rana, sai ga hannun riga ɗaya ya fi jikin duhu. Warwarewa na yi, ba zan ba wa uwar jego abin da ni kaina ba zan sa wa nawa ba.

Ranar haushi ya hana ni taɓa kwarashi, sai na shiga madafa. Faten tsaki na yi da yakuwa da ɗanyar gyaɗa, yara kuma suka gasa sabuwar masara a bakin murhu. Kafin dare zuciya ta sauka.

Sai kuma masu cewa, "Ai a gwanjo rabin wannan kuɗin ne." To, a je gwanjon. Wadda ta sayi irin mai arhar nan na inji, wanki biyu ya saki ya yi gashi, ita ce za ta dawo mini a Nuwamba tana neman na gaggawa, lokacin da layi ya riga ya cika.

Yanzu saitin furen kabewa nake kai, ruwan ɗorawa da kore. Mai so ta yi magana kafin ruwa ya ɗauke.