Yau na ɗaura wa a-kori-kurata doguwar fitilar baya

Kwana tara kwalin nan ya yi a bayan kujera ina kallonsa yana kallona. Yau dai na ce ko me za a yi sai na ɗaura ta, domin abin da ya sa na saye ta bai bar raina ba har yanzu. Wata uku da suka wuce, da daddare ana yayyafi, na taka birki a wata mararraba, sai na ji ƙarar taya a bayana. Ƙaramar mota ce, ta tsaya bai fi taku ɗaya tsakaninta da bambata ba. Direban ya fito jikinsa na rawa, ya ce wallahi bai ga fitilata ba sai da ya zo dab. Na zagaya na duba, fitilun suna ci, amma ƙura da taɓo sun dusashe su, ga su can gefe-gefe, tsakiyar motar kuwa duhu ne baƙi ƙirin. Tun daga ranar nake tunanin wannan fitila.

Fitilar doguwa ce siririya kamar sanda, an jera ƙananan ƙwayayen LED a cikinta, an rufe da roba don kada ruwa ya shiga. Wurin zamanta shi ne ɗan ratan da ke tsakanin murfin baya da bamba. Tsawo biyu aka fi samu: mai inci 48 ta ƙananan a-kori-kura, da mai inci 60, kusan santimita 152, ta manya. Na auna tawa tun kafin in saya, mai 60 ce ta dace. Tana yin ja idan an kunna ƙaramar wuta, ta ƙara haske idan an taka birki, rabinta ya riƙa ƙiftawa idan an sa sigina, sannan ta yi fari idan an sa ribas. Abin da ya ƙara jan hankalina shi ne LED tana kamawa nan take, ba kamar tsohon ƙwai mai zare ba da sai zaren ya yi zafi. Bambancin kusan kashi biyu cikin goma na daƙiƙa ne. A baki ba komai ba ne, amma motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin fiye da mita biyar a wannan ɗan lokacin. Mita biyar! Ranar nan taku ɗaya ne ya rage mana.

Da hantsi na fara, ni da babban ɗana. Kafin in ɓare gam ko ɗaya, na ce bari mu gwada ta a ƙasa tukuna, domin duk wanda ya manna kafin ya gwada, idan ta ƙi aiki shi da ɓamɓara ne. Motata tana da soket ɗin tirela mai baki huɗu a ƙarƙashin bamba, shi ne ma ya sauƙaƙa rabin aikin. Wayoyi huɗu ne, kowace da launinta: ruwan ƙasa ta ƙaramar wuta, rawaya ta siginar hagu, koriya ta siginar dama, fara kuma ita ce wadda masu rewaya ke kira at, mai mayar da wuta jikin ƙarfen mota. Birki ba shi da tasa wayar, rawayar da koriyar yake bi su biyun a tare. Shi ya sa motocin da siginarsu daban take da fitilar birki sai an sa musu wani ɗan akwati mai haɗe saƙon biyun kafin soket irin wannan ya yi aiki daidai. Tawa an riga an yi mata tun daga kamfani.

Na cusa, na ce wa yaron ya shiga ya murɗa makulli. Ƙaramar wuta ta kama, ja zur, har na ji daɗi. Na ce ya sa siginar hagu. Nan fa aka fara. Hagun tana ƙiftawa, amma dama ma tana ɗan lumshewa tare da ita, a raunane. Da ya taka birki sai dukan sandar ta dusashe maimakon ta ƙara haske.

"Baba, ko dai lalatacciya suka ba ka?"

Na ce a'a, dakata. Na taɓa ganin irin wannan a wata tsohuwar tirela. Idan wuta ta rasa hanyar komawa, to sai ta nemi wata ta ɓarauniya, ta bi ta cikin sauran fitilu, shi ne za ka ga wadda ba a kunna ba tana numfashi. Na kwanta a ƙasan motar na haska bakin soket ɗin da tocila. Bakin farar wayar ya yi wani kore-kore mai gari-gari, kamar gansakuka, irin tsatsar da ke kama tagulla idan ruwa ya daɗe a kanta. Na bi wayar har inda aka ɗaure ta da noti a jikin ƙarfe, can ma tsatsa ta cinye wurin, notin har ya yi ja. Na kwance shi da ƙyar, na goge ƙarfen da sanfefa har sai da ya yi ƙyalli, na kankare bakin soket ɗin da ɗan siririn buroshi, na shafa giris ɗin nan da ake sa wa bakin wayoyi don hana ruwa, na mayar na ɗaure tam. Aka sake gwadawa. Hagu ita kaɗai, dama ita kaɗai, birki kuwa ya haske mana ƙafafu. Yaron ya leƙo ta taga yana dariya. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ashe da na ja tirela cikin watannin nan da haka fitilunta za su riƙa yi ban sani ba.

Sai wayar ribas, wadda ita ce aikin gaske, don soket mai baki huɗu ba shi da ita. Sandar ta zo da wata waya guda ita kaɗai da za a haɗa da ta fitilar ribas ɗin motar. Na buɗe murfin baya, na kwance notuna biyun da ke riƙe da gidan fitilar hagu, na jawo shi baya a hankali. Wayoyi biyu ne ke shiga ƙwan ribas. A nan ban yarda da launi ba ko kaɗan, kowane kamfani da nasa tsarin, har mota iri ɗaya ma takan canza daga shekara zuwa shekara. Mitar gwada wuta ce kawai ba ta ƙarya. Na ja birkin hannu, na sa dutse gaba da bayan taya, na tabbatar injin a kashe yake, makulli kawai aka murɗa. Na gaya wa yaron da babbar murya cewa kada ya kuskura ya tayar da ita ina baya. Ya sa ribas, na taɓa ta farko, shiru. Na taɓa ta biyu, mita ta nuna ƙarfin wuta bolt 12 da ɗan ɗoriya. Ya cire giya, ta koma sifili. Sau uku muka maimaita kafin in yarda.

A cikin kwalin sun sa wani ɗan maƙalin roba mai haƙorin ƙarfe, wanda ake matsawa da filaya ya huda rigar wayar ya haɗa su. Sauri gare shi, amma ban yi amfani da shi ba. Bayan abin da na gani a bakin soket ɗin nan da idona, ba zan buɗe wa ruwa wata ƙofar ba, kuma haƙorin kan yanke wasu siraran zaren wayar. Na cire kan batir, na yanke wayar, na zura robar nan mai tsukewa idan ta ji zafi, na murɗe bakuna biyun da na yanke tare da wayar sandar wuri guda, na zuba dalma har ta ratsa, sannan na ja robar ta rufe, na gasa ta ta kama gam. Ya ci mini kusan rabin awa, hannuna ɗaya ya ƙuje a gefen ƙarfe, amma raina ya kwanta da wannan haɗin.

Mannawa ta zo da nata taka-tsantsan. Na wanke wurin da sabulu, ya bushe, na bi shi da sifirit sau biyu har tsumman ya daina fitowa da datti. Gam ɗin kamfanin 3M ne a bayan sandar, kuma ba ya son sanyi ko maiƙo, sannan sau ɗaya yake ba ka dama. Na auna tsakiya na sa alama da salatif ɗin takarda. Saura kaɗan in rufe ramin da ake zura ƙarfen sauke safaya, yaron ne ya ce, "Baba, wannan ramin fa?" Allah ya yi masa albarka. Muka ɗaga ta sama kaɗan, muka buɗe murfin muka rufe sau da yawa don mu ga ba ya gugar ta. Daga nan ya riƙe ƙarshe ɗaya, ina ɓare takardar kaɗan-kaɗan daga tsakiya ina dannawa da tafin hannu. Na ƙara da maƙalan ƙarfe da sukurorin da suka zo da ita, don gam kaɗai ba zan bar masa amanar hanya mai gargada ba.

Sauran na ƙarƙashi ne: na tattara rarar wayar, na ɗaure ta da igiyoyin roba a jikin ƙarfe, nesa da salansa da sifirin, na bar mata ɗan sako-sako. Na kuma sa soket mai reshe biyu don bakin tirela ya zauna a buɗe. Na ji cewa wasu sababbin motoci idan aka cusa musu abu a nan sai su ɗauka tirela aka ɗaura, su kashe na'urar jin abin da ke baya. Na duba allon gaba, tawa ba ta nuna komai ba.

Da duhu ya yi na koma can nesa, wajen taku arba'in, na tsaya inda direban baya zai kasance. Yaron ya taka birki. Jan layi guda daga gefe zuwa gefe, babu ƙwai ko ɗaya da ya mutu. Ya sa ribas, farin haske ya zubo a ƙasa har ina ganin tsakuwa. Na daɗe a tsaye ina cewa ya sake.

Gam ɗin sai ya yi awa 72 kafin ya gama kamawa, saboda haka ba wanki sai ranar Talata. Ƙarshen hagu ya ɗan ɗaga kamar kaurin farce, na danne shi na sa salatif ya kwana a haka. Gobe da safe shi zan fara dubawa.